Akwatin da Hedimasta Ya Ɓoye wa Rana

"Ba ni makullin nan, Hedimasta," na ce masa, muciyar kunu na hannuna tana ɗiga a kan simintin ofishinsa.

Mista Chimbalanga ya dubi ɗigon, sannan ya dube ni ta saman gilashi. "Maman Tadala, ke aikinki dama wa yara kunu. Ina ruwanki da kayan kimiyya?"

"Ruwana shi ne Malam Kachingwe yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. Awa ɗaya ya roƙa. A kai akwatin gidansa, 'yan aji bakwai su zauna ƙarƙashin mangwaro, ya nuna musu, a dawo maka da abinka."

"In wani abu ya fashe fa? In masu kyautar suka zo dubawa, ke za ki tsaya gabansu?"

"Shekara huɗu ke nan! Wa ya zo? Ko karensu ka gani?"

Ya mayar da kansa kan takardunsa, ya ce in ja masa ƙofa. Na ja ta kuwa, sai da kalandar bango ta faɗo.

Akwatin da muke faɗa a kai shuɗi ne, wata ƙungiya ta kawo wa makarantarmu daga Lilongwe, babban birnin ƙasarmu. A ciki akwai farantin da ke kama hasken rana, da batir, da ƙwan fitila shida, da wayoyi ja da baƙi. Ranar da aka kawo shi an yi hoto, yara sun yi waƙa. Motar baƙin ba ta gama fita daga ƙauye ba Hedimasta ya tura shi cikin kabad ya datse, wai kada ya lalace.

Malam Kachingwe maƙwabcina ne, dangar ciyawa ce kawai tsakaninmu. Shekara ashirin da shida yana koyar da wutar lantarki a ƙauyen da babu ita. Manyan wayoyi suna wucewa ta saman gonakinmu suna kuka, suna kai wa mutanen birni haske, mu kuma ko ƙyalli. Shi sai ya zana ƙwan fitila a allo da alli, ya yi masa gashi-gashi a gefe, ya ce wannan haske ne. In ya ga yara sun fara hamma, ya shigo da tsohon kekensa cikin aji, ya kifa shi ƙafafu sama, ya juya feda da hannu har fitilar gaba ta kama.

"Wa ya kunna ta?" ya kan tambaya.

"Kai, Malam!"

"Ƙarya kuke, tuwon da na ci ne. Tuwon daga ina? Masara. Masarar kuma, wa ya dafa ta a gona? Rana! To wata rana zan nuna muku ranar da kanta ta kunna fitila, ba sai ta bi ta cikina ba."

Wannan darasin shi ne a kulle cikin kabad. Duk farkon zango sai ya je ya roƙa. Da kunnena na ji yana cewa, "Ranka ya daɗe, batirin nan abincinsa rana ce. In ka bar shi a duhu mutuwa zai yi." Hedimasta ya yi dariya ya ce bai taɓa jin abin da ajiya ta kashe ba.

Da na koma gida na tarar da Malam a tabarma a baranda, matarsa Nangozo ta tokare masa baya da buhun masara saboda ba ya iya numfashi a kwance. Asibiti sun sallamo shi, sun ce zuciya ce, a je gida a yi addu'a.

"Maƙwabciya, daga ganin bakinki ba ki samo ba," ya ce.

"Wannan mutumin, Allah ya isa tsakanina da shi!"

"Kai, bar shi. Tsoro ne ke damunsa. Kin dai zage shi?"

"Har kalandarsa na kayar."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, Nangozo ta harare ni. Da ya lafa sai ya ɗaga kai ya dubi sama. "Dubi rana yau, kamar ta san ina nemanta. Minti goma ma ya isa. Su dai gani da idonsu sau ɗaya, kada su girma suna zaton wuta kayan 'yan birni ce."

Na koma ofis ranar Laraba, aka ce Hedimasta ya tafi taro. Na koma Alhamis, ya ce sai ya rubuta wa ofishin ilimi neman izini. Ranar Juma'a da hantsi ina tsaka da raba kunu na jiyo kukan Nangozo daga tsallaken fili. Na ajiye ludayi. Kafin in isa, maza sun fara karyo rassan itace suna jerawa a kan hanya, don masu wucewa su san akwai rasuwa.

Ranar jana'iza, bayan mawaƙan coci sun yi shiru kuma wakilin mai gari ya gama magana, sai ga Mista Chimbalanga cikin baƙar kwat, malamai biyu na biye da shi ɗauke da shuɗin akwati. Ya yi gyaran murya, ya ce marigayi fitila ne ga al'umma, kuma don girmama shi makaranta ta yanke shawarar cika masa burinsa a yau.

A yau! Mutum yana cikin katako an buga ƙusa!

Ya buɗe shi a gaban jama'a, kusa da akwatin gawa. Yara suka matso suna leƙe. Batirin ya kumbura ya tsage, wani farin gari kamar kanwa ya cinye bakin wayoyin. Ya ɗaga jar waya, ya ɗaga baƙa, ya juya farantin gaba da baya. Zufa ta keto masa.

"Cikin malamai, wa ya iya haɗa wannan?" ya tambaya a hankali.



"Ga wanda ya iya nan kwance gefenka," na ce, ban rage murya ba. "Tashe shi ka tambaye shi. Ai ka ajiye abinka lafiya, ko ƙura bai yi ba!"

Fasto ya ce, "Maman Tadala, haƙuri, gaban gawa muke."

"Shi ya sa na faɗa a nan, Fasto. Ya ji shi ma."

Mata suka riƙe ni suka zaunar. Ni dai ban yi kuka ba sai ɓacin rai, har aka kai shi aka dawo.

Da la'asar, mutane sun ragu, 'yan aji bakwai suka ƙi tafiya. Suka tsaya cirko-cirko a bakin ɗakin Malam. Nangozo ta fito, idanunta sun kumbura, ta dube su, sannan ta shiga ta janyo keken daga bayan ƙofa. Ni da ita muka kifa shi a tsakar ɗakin, ta rufe taga, yaran suka cika ɗakin suka zauna a ƙasa.

Na durƙusa na kama feda. Da nauyi, ban taɓa sanin haka yake da nauyi ba. Na juya, na juya, taya ta fara kuka, sai ga wani ɗan haske ruwan ɗorawa ya faɗa kan bangon da kwat ɗinsa ke rataye, da farin alli a bakin aljihu. Babu wanda ya tambayi wa ya kunna.

Hannuna ya gaji na saki. Tayar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, hasken yana raguwa a kan kwat ɗin kaɗan-kaɗan, har ta tsaya.