Gadon Loretta a Kicin

Shekara goma sha ɗaya Loretta Vandermark tana gabatar da ƙara a ofishin gunduma, ba wanda ya taɓa tambayarta inda take kwana, sai da mahaifinta Orrin ya samu shanyewar ɓarin jiki ta koma gidan gona jinyarsa. Gidan kuwa iyakar gundumomi biyu ce ta ratsa shi ta tsakiya: kicin da zaure a gundumar da take wa aiki, ɗakunan kwana a ta maƙwabta. Doka ta ce ma'aikacin ofishin dole ya zauna cikin gunduma, kuma inda mutum yake kwana nan ne mazauninsa. Wani ɗan baƙin ciki ya kai tsegumi.

Shugaban ofishinsu Mista Pruitt, da zaɓe ya ƙarato masa, ya kira ta yana wani sunkuyar da kai. Wai ta rubuta adireshin wata ƙawa a cikin gari mana, ai rabin ofishin haka suke yi. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ita da take gurfanar da mutane kan rantsuwar ƙarya!

"Ranka ya daɗe, ba zan rubuta ba. Ka aiko a auna."

Ranar Asabar ta ja gadonta ƙiii har kicin, ta girke shi tsakanin firji da murhu.

Mai binciken da aka aiko, Gaylord Tubbs, tsohon ɗan sanda ne mai tumbi, sun sha aiki tare. Ya zo da hantsi da taswira da tef ɗin awo, ya durƙusa yana nishi, ya ce gadon ya shigo gunduma da taku biyu. Har ta fara murmushi, sai ya zaro takardar rantsuwa. Tambaya ɗaya ce a ciki: a kan gadon nan take kwana kullum?

Dare huɗu a mako a kujera take kwana a ɗakin tsohon, don yakan faɗo in ya yunƙura. Gaylord ya kawar da kai, ya ce a hankali shi fa abin da ta faɗa kawai zai rubuta, ba mai leƙowa.

"Rubuta uku a nan, huɗu a can. In korata za su yi, su kore ni a kan gaskiya."

Ashe tsohon yana jin su. Ya buga sandarsa a bango har suka shiga. Shekara hamsin da biyu yana kwana a ɗakin nan, a nan matarsa ta cika, ko da likita ya so a maido shi kusa da banɗaki zaginsa ya yi tas. Ya juyo ya dube su, bakinsa a karkace.

"Ku fitar da gadona kicin. Kai mai tumbi, kama can."

"Baba, ɗakin Mama ne fa."

"Uwarki ba ta kai ki makaranta don Pruitt ya kore ki ba."

Loretta ta yi kuka, ba ta ma ɓoye ba. Gadon ya ƙi fita ta ƙofar, sai ta ɗauko guduma ta ɓalle ƙyauren. Gaylord ya ajiye takardar a kan firji, ya naɗe hannun riga, ya kama gadon ta gefen kai.