Ranar da Gajere Ya Ɗago Ƙwallo da Ƙafa

Tun ƙarfe uku Baba kafinta ya kashe injin yankan katako, abin da bai taɓa yi ba ranar aiki. Ya ɗora talabijin a kan wani teburi da ba a gama wa fenti ba. Kafin ka ce me, shagon ya cika: mai aski da almakashinsa a hannu, mai gyaran waya, har da Umma da ta ce ita leƙowa kawai za ta yi.

Autan Baba da Umma, Gajere, yana cikin 'yan ƙwallon raga na ƙasa. Ranar ce wasan ƙarshe na share fage a yankinsu, wanda ya ci shi ne zai tafi gasar duniya.

"Me ya sa rigarsa ta bambanta da ta sauran?" in ji Umma. "Laifi ya yi?"

"Mai tsaron baya ne, Umma," mai aski ya ce. "Duk ƙwallon da aka dako, shi ke kwashewa."

"Wato dogaye su yi ta tsalle, ɗana ya yi ta share musu ƙasa da ciki!"

Aka kwashe da dariya.

Amma da wasa ya kai zagaye na biyar, kowane ɓangare da biyu-biyu, dariya ta ɗauke. Maki sha huɗu da sha uku, saura ɗaya tak su Gajere su ci. Baba ya miƙe, guduma a hannu, bai ma san ya ɗauke ta ba.

Wani zabgege daga ɗaya ɓangaren ya tashi sama ya narko ƙwallon. Ta bugi hannun masu tarewa, ta yi fitar burgu can bayan fili.

"Ta tafi!" mai gyaran waya ya dafe kai.

Sai ga Gajere a guje. Ya ga hannu ba zai kai ba, ya zube a ƙasa kan gwiwa ya miƙa ƙafa. Ƙwallo ta tashi. Ɗaya ya gyara ta, kyaftin ya maka ta tsakiyar filin abokan karawa.

"Ƙafa fa ya sa! An yarda?" Baba ya yi ihu.

Alƙalin wasa ya busa, ya miƙa hannu ɓangarensu.

Shago ya kaure. Mai aski ya rungume Baba har suka faɗa cikin ƙurar katako. Umma ta fita titi tana gaya wa duk wanda ya gifta, har da direban da bai san me ake yi ba.

Bayan awa guda waya ta yi ƙara. Gajere ne, muryarsa a dashe.

"Baba, mun tafi! Mun tafi!"

Baba ya buɗe baki zai amsa ke nan. Umma ta fizge wayar.

"Auta, bar zancen tafiya tukuna. Ya gwiwar?"