Isnadin Koriyar Kwalba

Abdulwadud ya kafa kwalbar a baki ke nan, a ƙofar kantin Hatim da ke unguwar Aziziyya a Makka, sai ya ji ƙarar ɗaukar hoto. Sufyan ne, ɗan garinsu da ya zo Umara, yana washe baki wai na tarihi ne.

Tsakuwar ƙoda ce ta sa Abdulwadud a gaba, ko zaman darasi ba ya iyawa. Hatim, Bahaushen Makka da kakansa ya zo da ƙafa daga Kano, shi ya ba shi shawarar shan bira, wato giyar sha'ir, amma irin wadda ba ta da abin maye, wai tana wanke ƙoda. A nan har tsofaffin mata suna sha, firij ɗaya take da nono. Sai dai fa kamanni ba ya ɓuya: koriyar kwalba, ruwa garau kalar zinare, ga farin kumfa a sama.

Kafin la'asar hoton ya sauka Funtuwa, a wayoyin 'yan kwamitin masallacin da shekara shida ke nan suna jiran ya gama karatu ya gaji limancin mahaifinsa. A ƙasan hoton Sufyan ya rubuta, "Ni dai ban ce komai ba." Yayan Sufyan ɗin ne ke riƙon ƙwaryar limancin, ka ji inda gizo ke saƙar.

Da wani ne, sai ya ɗauki hoton rubutun jikin kwalbar ya tura, ya ja bakinsa. Ina! Abdulwadud ɗalibin hadisi ne, ko gaisuwa sai ya so ya kawo mata isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta. Hankalinsa a tashe, ya zauna ya yi binciken awa biyu, ya naɗi murya ta minti goma sha ɗaya ya tura wa 'yan kwamitin. Ya faro tun daga tushe: wannan nau'in a garin Filsan na ƙasar Cek aka fara shi, a 1842, a hannun wani Bajamushe. Ya ce ruwan garin mai laushi ne, sha'ir ɗin ba a gasa shi sosai shi ya sa take haske, wani fure ne ke ba ta ɗaci, kuma a sanyi ake ajiye ta makonni har ta tace. Ya ce duniya ta shaide ta, kowace ƙasa ta kwaikwaya. Sai a minti na tara ya iso kan yadda ake cire mayen da abin da malamai suka ce.

Babu wanda ya kai minti na tara.

Alhaji Mailafiya, shugaban kwamitin, ya kira shi ana dab da magariba, murya a sanyaye.

"Malam ƙarami, shekara talatin ina jan tirela, babu tashar da ban kwana ba daga nan har Fatakwal. Ban taɓa sanin giya tana da gari ba. Kai har shekarar haihuwarta ka sani."

"Baba, don Allah ku saurari ƙarshen."

"Mun ji abin da ya ishe mu. Ta hoto mai sauƙi ce, da mun ce sharri aka yi maka. Wannan kuwa bakinka ne. Jama'a ba za su bi ka salla ba, kuma muryar ta riga ta kai ga mahaifiyarka."

Abdulwadud ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya koma kantin yana dafe da kwiɓi, ciwon ya taso masa gadan-gadan. Hatim bai san wainar da ake toyawa ba, ya tare shi da fara'a.

"Ya shaikh, sahibinka Sufyan yanzu ya tafi. Kwalba biyu ya sha a tsaye. Kowace Umara nan yake zuwa, wallah ya fi ka saninta."

Ya ɓalle marfin wata mai sanyi ya miƙa masa. Abdulwadud ya karɓa, don ƙodar ba ta san kwamiti ba. Amma sai da ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya lallaɓa bayan firij ya tsuguna ya sha.