Oba-obar Gonar Dattijo

Zaharaddini, mai sayar da kayan sadarwa, ya jera oba-oba iri biyu, baƙa da mai ruwan toka, a kan motar Alhaji Dattijo, a bakin babbar magudanar ruwa da ta bi ta Bunkure. Daga Kano ya kawo su, domin gonakin Dattijo uku ne a warwatse, kuma waya ba ta samun sabis a biyu daga ciki.

An riga an gwada nisa. Nathaniel, mai kula da ma'aikata, ya hau babur har gonar albasa ta wajen Kadawa, kuma muryarsa ta fito tangaram a duka biyun. Bambancin ɗaya ne, in ji Zaharaddini. Baƙar, duk abin da ka faɗa, kowa mai riƙe da irinta zai ji. Mai ruwan toka kuwa tana da lamba, sai ka kira mutum ɗaya ku yi magana ba wanda ya sani.

Hannun Dattijo ya tafi kan mai ruwan toka. Ba abin mamaki ba ne. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, mai biyan leburori kafin guminsu ya bushe, amma yana da hali ɗaya mara kyau: yakan ba da umarni a keɓe, in abu ya ɓaci ya ce bai sani ba. Makon da ya wuce ya ja Jaji, mai buɗe ƙofar ruwa, gefe, ya ce ya saki ruwa a ranar da ba tasu ba. Tumatirin maƙwabta ya kwana da ƙishi. Da ƙungiyar manoma ta kira zama, Nathaniel aka tsayar aka wanke tas a gaban jama'a, Dattijo yana zaune yana kallon takalminsa.

Da Nathaniel ya dawo ya kafe babur, Dattijo ya tambaye shi ra'ayinsa, don dai a ce ya tambaya.

"Alhaji, baƙar nan," in ji Nathaniel. "In ka ɗauki waccan, ka ba wani tawa. Ana cire albasa zan kwashi Monica da yara mu koma Kagoro."

Dattijo ya yi dariya, ya ce ashe fasto ya fara wa'azi tun Lahadi ba ta zo ba. Ba wanda ya taya shi. Shekara goma sha ɗaya Nathaniel yana gonar nan, ya san kowane fegi da yawan ruwan da yake sha, kuma bai taɓa cewa zai tafi ba sai yau. Zaharaddini ya shiga yabon batirin mai ruwan toka, amma ba mai sauraronsa.

Dattijo ya daɗe yana kallon ruwan. Daga baya ya ce a ba shi baƙar guda biyar.

Bayan la'asar ya zagaya gonar tumatir shi kaɗai. Ganye ya yi laushi, ƙasa ta fara tsagewa, kuma ranar ruwansu sai jibi. Magudanar ga ta nan cike, ƙofar ba ta fi tafiyar minti biyar daga inda Jaji yake ba. Ya ciro oba-obar daga aljihu ya danna.

"Jaji."

"Na'am, Alhaji."

"Muna jin ka, Alhaji," in ji Nathaniel daga Kadawa. Direba ma ya amsa, mai gadin sito ya amsa.

Dattijo ya dubi tumatirin. Yatsansa na kan madannin, mutum huɗu suna jin numfashinsa.

"Ka duba ƙofar nan," ya ce. "Ka tabbata a rufe take."