Gadar da Ke Juyawa

Tunda Enoch Hollinshead ya sa inji a jirginsa na ruwa mai dakon kwal, goɗiyarsa Bess da ke jan jirgin ta zama kayan nauyi. In manomin nan Tideswell bai saye ta yau ba, gobe sai mahauta masu yanka wa karnuka nama.

"Ka haye da ita gadar nan zuwa gonata, in ga tafiyarta," in ji Tideswell, yana tsaye da lofe a baki.

Gadar kuwa irin ta dawakai masu jan jirgin ruwa ce. Doki ya hau ta wannan gaɓa, ya haye, ya murɗa ya gangara ƙarƙashinta, ya ci gaba a ɗaya gaɓar ba a kwance igiya ba. Hanyar gona kuma tana miƙe daga samanta.

Enoch ya ja ragama suka hau. Ko kafin ya farga, ga su a ƙasa bakin ruwa.

"Ke dai an yi tsohuwar banza! Ina jirgin da za ki ja?"

Suka sake hawa, suka sake gangarowa. Haushi ya turnuƙe shi. Shi yana neman ya cece ta daga wuƙa, ita tana neman kai kanta! Lallai hali zanen dutse. Da suka kuma, har hularsa ya jefar a ƙasa.

Ya juya wajen manomin. "Don Allah ka yi haƙuri, maigida. Tun tana ƙarama nan take bi. Amma ba ta cizo, ba ta harbi, rantsuwa zan yi maka."

Tideswell ya zare lofen ya yi dariya har da tari.

"Dattijo, ka daina zagin baiwar Allah. Tun ɗazu ƙafarka nake kallo. Kai ne kake fara karkatawa, ita binka kawai take yi. Miƙo ragamar."

Enoch ya miƙa masa ragamar.

Bess ta bi manomin, ta haye gadar sak, ta kama hanyar gona ko waiwaye babu. Ta tsira, abin da Enoch yake so ke nan.

"Butulu," ya ce a hankali.

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya murɗa ya gangara ƙarƙashin gadar shi kaɗai.