Ƙonanniyar Zuma

Martina ta sauka daga kan mashin riƙe da kwalbar da ba komai a ciki. Ɗan acaɓan ya ce nan ne iyakarsa, shi ba zai shiga rugar ba. Ta ƙarasa da ƙafa.

Ɗanta Azariya na kwance a asibiti a Kafanchan. Shekararsa huɗu, tsokar zuciyarsa ta saki, ƙafafunsa sun kumbura, ko cin abinci gajiyar da shi yake yi. Likita ya ce zuma ba za ta warkar da shi ba, kada ta kuskura ta daina ba shi magani, amma cokali guda safe da yamma zai ɗan ƙara masa ƙarfi. Zumar kasuwa duk sukari ce. Shi ya sa tun bara take saye a wurin Nene, wata Bafulatana da mijinta ke da amya a bayan garin Gidan Waya.

A rugar, Martina ta tarar ana ɗaure kaya. Itatuwan da ake rataye amya sun yi baƙi ƙirin, ga matattun ƙudan zuma zube a ƙasa.

"Sannu, Maman Azariya," in ji Nene. "Ya mai jiki?"

"Yana nan, numfashin ne dai. Me ya same ku?"

"Shanun wasu baƙi ne suka tattake gonar citta. Da samarin ƙauyenku suka fito, mu suka samu kusa."

Nene ta shiga bukka ta fito da ƙwarya, da 'yar saƙar zumar da aka kankaro daga amyar da ba ta gama ƙonewa ba. Ta matse ta da hannu cikin kwalbar, ko rabi ba ta kai ba.

"Ita kenan ta rage. Gobe za mu yi Gwantu." Ta toshe bakin kwalbar ba tare da ta ɗago ba. "Na ga mijinki Kumai a cikinsu. Shi ya riƙe jarkar fetur."

Martina ta karɓi kwalbar, ta juya. Ko sallama ba ta iya yi ba.

A asibiti ta tarar da Kumai zaune a bakin gado yana yi wa yaron fifita.

"Kin samu?"

Ta miƙa masa kwalbar da cokali. "Yau kai za ka ba shi."

Azariya ya lasa, ya yamutsa fuska. "Baba, warin hayaƙi take yi."

Cokalin ya tsaya a hannun Kumai.

"Shanye, ɗana," in ji Martina, idonta a kan mijinta. "Babu wata bayan wannan."