Dutsen da Iya Zuliha Ta Wanke

Baballe ya yi shekara huɗu a jami'a yana karanta halittun ruwa, ya kuma yi wasu huɗun a falon mahaifiyarsa da ke Agege yana jiran ƙasa ta nemi ilminsa. Ƙasa ba ta nuna gaggawa ba. A cikin jiran ya haɗa akwatin gilashi, ya cika shi da ruwan gishiri, ya zuba kifaye masu launin atamfa da duwatsu bakwai na teku. Duwatsun, in ji shi, suna da rai: ƙananan halittun da ke ramukansu ne ke tace ruwan, in sun mutu kifayen su bi su.

Ran Laraba wata madam mai otal a Ikeja ta bugo waya. Tana son irin akwatin a zauren baƙinta, za ta zo Asabar ta ga aikinsa. Baballe ya daka tsalle har ya kusa gaisawa da fanka. Washegari ya tashi ya tarar da jar gansakuka mai yauƙi ta lulluɓe duwatsun, kamar an kwara musu manja.

Nan take ya tuɓe riga. Ya ɗebi ruwan akwatin a bokiti, yana ciro dutse ɗaya-ɗaya yana gogewa da buroshin haƙori, sauran yauƙin ya zuƙe da siririn tiyo. 

Iya Zuliha, mahaifiyarsa, ta tsaya a kansa.

"Baballe, wanki kake ko lallashi?"

"Iya, a hankali ake bi. Yana da rai."

"Dutsen? To ka tambaye shi ko ya karya."

Kafin azahar ɗin Juma'a ya gama shida. Ya bar babban a bokiti, ya zari hula. "Iya, don Allah kada kowa ya taɓa."

Iya ba ta ɗauki kanta cikin kowa ba. Shekara talatin tana wanke tandar waina da dutsen niƙa, ba za ta zuba ido baƙuwa ta shigo mata gida ta ga ƙazanta ba. Ta tafasa ruwa, ta kawo garin sabulu da soson ƙarfe, ta dirje dutsen ciki da waje, ta shanya shi a kan kwanon rufi.

Da Baballe ya dawo masallaci ya hango shi fari fat yana ƙyalli.

"Iya! Kin kashe shi!"

"Allah ya ji ƙansa. Amma ka ga haske?"

Mayar da shi ruwa ba zai yiwu ba, sabulun zai ƙarar da kifayen. Ya tokare ƙofar falo da shi.

Asabar madam ta iso. Baballe ya nuna mata duwatsu shida masu rai, launinsu ruwan ƙasa da ɗan shunayya, ya shiga bayani kamar a gaban farfesa. Ta saurara tana duba agogo. Ta juya za ta fita, sai takalminta ya bugi matokarin ƙofa.

"Ah ah! Wannan fa? Irinsa nake so! Ba waɗancan masu datti ba."

Karatun shekara huɗu ya taso wa Baballe har maƙogwaro. Ya haɗiye shi.

"Madam, farare a gaba, bayan sun sha jiƙo sosai. Masu dattin a baya, ba wanda zai gan su, su za su riƙe kifin."

"Ka zo Litinin."

Motarta na barin layi ya fasa ihu, ya zagaye tsakar gida sau biyu ba takalmi. Iya ta ɗaga dutsen tana juya shi a rana.

"Guda nawa ta ce? Ka faɗa mata ni ranar Juma'a kawai nake da sarari."